Idan Yaɗon Kabewa Ya Ji Rauni

A Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan Ƙauran Namoda, kabewar da ake shukawa a gindin danga ta daina zama abin marmari. Tun da rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu na daji, ɗan filin da ke cikin gida ya koma wurin neman abin miya. A watan Yuni na 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Kabewa mai jan ciki tana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ganyenta ma abinci ne, ga ta da jure ajiya har cikin rani. Saboda haka uwar gidan da ta wayi gari ta ga yaɗonta ya yi laushi tana da dalilin damuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa: ko a tumɓuke, ko a ruga kasuwa sayen maganin feshi. A fara bin yaɗon da ido daga gindi har ƙarshe tukuna.

In akuya ce ta taka ko yara suka karya, da sauƙi. Kowace gaɓa, wato inda ganye ke fita, tana iya fitar da saiwa idan ta taɓa ƙasa mai laima. A datse inda ya dagargaje da wuƙa mai tsabta, a tara ƙasa kan gaɓoɓi biyu ko uku, a riƙa ba su ruwa. Ni a ganina bai kamata ma a jira ɓarna ba. Tun yaɗo yana da lafiya a binne masa gaɓoɓi nan da can, domin ko gindin ya mutu, sauran su ci gaba da shan ruwa da kansu. Wanda aka ɗora kan rufin ɗaki ko rumfa ba shi da wannan gata, don haka gindinsa ne abin tsaro, a kewaye shi da ƙaya.

A watan Agusta kuwa, ruwa ne babban mai laifi. Idan ya kwanta a gindi, saiwa ta rasa iska, ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa su ruɓar da karan, ya yi baƙi ya yi taushi. Mai gida ya ga ganye ya langaɓe sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Masu shuka kusa da fadamun Gagare da Bunsuru sun san amfanin tudu da kunya mai tsayi. A tsakar gida ma haka ne, kuma a kauce wa inda indararo ke zuba.

Sai ƙwari. Akwai ɗan jan ƙwaro mai huda ganye, wanda ya fi cutar da shuka tana ƙarama, tsutsarsa kuma tana cin saiwa a ɓoye. Da sassafe ba shi da kuzari, ana iya tsince shi da hannu, a barbaɗa toka kan ganyen. Darɓa tana maƙalewa a ƙarƙashin ganye tana tsotsar ruwansa, kuma ita ke yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya murɗe. Wannan cuta ba ta da magani, a cire shukar a binne. Ita darɓar ana rage ta da 'ya'yan dogonyaro: a daka ƙwayar kamar giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu.

Da yamma ake feshi. Kabewa tana da fure namiji da fure mace daban-daban, suna buɗewa da asuba su rufe kafin azahar, kuma ƙudan zuma ne ke haɗa su. Wanda ya yi feshi da safe ya kori ma'aikatansa, sai ya ga 'ya'ya suna zubewa tun suna ƙanana ya rasa dalili.

Idan kuwa ƙaramar kabewa ta ruɓe da tsutsa a ciki, wani ƙuda ne ya yi ƙwai a cikinta. Kada a jefar da ita a juji, domin tsutsar za ta shiga ƙasa ta fito sabon ƙuda. A ƙulle ta cikin baƙar leda a rana, sauran kuma a lulluɓe su da tsumma da zarar furen ya bushe.

Matasa masu duba waya su yi hattara: bidiyoyin da ke cewa a tsaga kara a ciro tsutsa, yawanci kan wani ƙwaro ne na Amurka, nahiyar da kabewa ta samo asali. Tsaga yaɗon da ruwa ya ruɓar ƙara masa rauni ne. In abin ya faskara, a ɗauki ganyen da karan a kai wa malamin gona ya gani da idonsa.