Injin gazuwal, bwat ta esansi: auren da ake ɗaurawa a garejin Madawa

Ranar kasuwa a Deule, in ka tsaya bakin tasha ka kasa kunne, za ka ji a-kori-kurar da jikinta na esansi ne amma muryarta ta gazuwal ce. Tsohuwar Hilux ce aka zare mata 22R ko 4Y da ta zo da shi, aka dasa mata 3L ko 5L.

Dalilin bai ɓoyu ba. Shekara da shekaru, man ruwa-ruwa mai araha da ke shigowa daga Najeriya ta Ƙonni da Bangi shi ya riƙe motocin wannan yanki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, arahar ta tafi. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta mayar da litar esansi sefa 499, gazuwal 618. Gazuwal ya fi tsada ke nan, sai dai litarsa ta fi nisan zango, balle ga motar da ta sha buhunan albasa tana hawan duwatsun Adar tsakanin Buza da Keita. Dogayen layukan esansi na Maris 2025 kuma sun ƙara wa masu shawarar sauyi ƙarfin gwiwa.

Inda ake tafka asara shi ne wajen bwat. Mai mota ya ƙarar da kuɗinsa a kan inji, tun da rufe iyakar Benin ya sa kayan Kwatano sun yi wuya, sai an nemo daga Maraɗi ko Ƙofar Ruwa a Kano. Da aka zo maganar bwat sai ya ce a bar tsohuwar, ai lafiyarta lau.

Lafiyarta lau da mijinta na fari. Injin esansi irin 22R yana matse iska kusan ninki 9, shi kuwa 3L ninki 22. A takarda ƙarfin murɗawarsu bai yi nisa da juna ba, amma na gazuwal bugu-bugu yake ba da nasa, kamar mai sussuka, kuma haƙoran bwat da faifan ambirayaj ke karɓar kowane bugu. Ga shi ba ya gudun juyi: ya ɗan haura 4,000 a minti ya kai maƙura, alhali na esansi yana wuce 5,000. Motar takan zama jaruma a yashin korama, amma da ta hau kwaltar Madawa zuwa Galmi sai ihu ba sauri, gazuwal ɗin da aka yi sauyin dominsa yana ƙonewa a banza. Maganin wannan yana cikin pon na baya, wanda ba a cika waiwayarsa ba.

Sai farantin haɗi. In ramukan inji ba su dace da bakin bwat ba, akan yanko ƙarfe mai kauri a kai wa mai turna ya huda. Na taɓa ganin yadda ake auno shi a wani gareji: yaron gida ya shafa baƙin mai a bakin bwat, ya manna kwalin sukari, ya bubbuga da ƙaramar guduma har ramukan suka fito. Dabara ce mai kyau in takardar hana yoyo za a yanka. A nan kuwa sandar bwat dole ta shiga tsakiyar inji cif, kaucewar da ba ta kai rabin milimita ba ta isa ta cinye rulma ta sa bitas ta riƙa fita da kanta. Maigidan garejin ya dubi mai motar ya ce, "Alhaji, ni dai zan ɗaura, amma in ta fara kuka bayan kaka kada ka ce ban faɗa ba." Alhaji ya ce a ɗaura.

A ganina, farantin nan bai kamata ya zama zaɓin farko ba. Yawancin bwat ɗin Hilux bakinsu kwancewa yake yi, don haka wanda ya sayi inji tare da bakinsa da faifansa da demararsa ya huta da mai turna. Wanda ya haɗa har da bwat ɗin da injin ya zo da ita ya fi kowa kwanciyar hankali, ko da sai an rage tsawon kardan. Masu kwaɗayin cusa injin Dyna mai lita 3.7 a ƙaramar mota su ne faranti ya zame wa dole, su ne kuma gaban motarsu ke durƙushewa don nauyi.

Akwai abin da ya fi bwat haɗari. Birkin motar esansi da zuƙar iskar inji yake samun taimako, injin gazuwal kuwa ba ya ba da wannan zuƙa sai da ɗan famfon da ke bayan altanata. In an sayo inji babu shi, ko aka sa altanatar da aka samu kawai, birki zai yi tauri kamar dutse. Direba ba ya gane haka a filin gareji, sai ya kamo gangara da lodi, mutane goma zaune bisa buhuna.