Tahƙiƙi a Kan Saƙon Maganin Sida da Ke Yawo a Damagaram

Saƙon nan da ke yawo a wayoyin mutane daga Birni har Zango, wanda mai shi bai iya ko faɗin sunansa ba, ya cakuɗa gaskiya da ƙarya, kuma da gaskiyar yake sayen yardar jama'a. Ya ce sida ta ragu a Nijar, wannan kuwa sahihi ne, domin binciken ƙasa na 2006 ya sami kimanin 7 cikin baligai 1000, na 2012 ya sami 4, ko da yake birane sun ɗara ƙauyuka. Amma batun kamuwa da sida ta cizon sauro, da cin tuwo a kwano ɗaya, da ɗaukar tunjere a masai, duk ba shi da asali.

Mas'alar da ta wajaba a tsaya a kanta ita ce da'awar cewa wani mai magani yana warkar da sida da jiƙo, hujjarsa kuwa takardar awo da ta nuna ba a ga ƙwayar cutar a jinin wani ba. La'alla takardar ta gaskiya ce, amma fassararta ɓatacciya ce, domin maganin asibiti, idan aka lizimce shi kullum, yakan danne ƙwayar har awo ya kasa ganinta, alhali tana nan ɓoye a cikin jiki, kuma da zarar an bar shansa sai ta dawo, galibi cikin 'yan makonni, wani lokaci ma ta daina jin maganin da a da yake danne ta. Ashe aikin likita ne mai jiƙon ya jingina wa kansa, ya karɓi kuɗi a kai. A Gambiya, a 2007, shugaba Yahya Jammeh ya yi irin wannan da'awa, ya raba majinyata da maganinsu, wasunsu suka rasu.

Ba na zargin wanda ya gaskata, domin mutumin da ya shekara yana ɓoye kwalbar magani daga surukai da kishiya, dole zuciyarsa ta karkata ga mai cewa an gama. Zargina yana kan mai turawa ba tare da bincike ba, wanda bai tuna da matar aure ba, balle jaririn da ke shan nono, waɗanda maganin asibiti ne kariyarsu. Wanda ya riga ya dakatar da sha, ya koma babban asibitin Zinder ko inda yake karɓa, ya gaya wa likita ranar da ya daina. Maganin kyauta ake ba da shi.