Mai maganin da ya iya koyarwa ya fi warkarwa

A ƙasar Madawa da Buza da Keita, ƙauyuka da yawa suna nesa da asibiti. Ma'aikacin lafiya ɗaya ba ya iya zagaya gidaje duka. Don haka aikinsa bai tsaya ga yin allura da ba da ƙwayoyi ba. Dole ya koya wa jama'a yadda za su tsare lafiyarsu. Amma sanin magani daban, iya koyarwa daban. Shi ya sa ake horon ma'aikatan lafiya su zama malamai.

Wannan aiki ba sabo ba ne a Nijar. Tun bayan samun mulkin kai a 1960 aka fara shi a jihar Maraɗi. Mutanen gari su ke zaɓen masu ba da taimakon farko da ungozomomi. Ma'aikacin asibiti ya koya musu aiki cikin ƴan kwanaki, su koma gida da akwatin magani. A 1978, taron duniya na Alma-Ata ya ƙarfafa wannan hanya.

Me ake koya wa ma'aikaci a wurin horo?

Na farko, ya yi magana da harshen mutane, Hausa ko Tamajak ko Fulatanci. Faransancin makaranta ba ya shiga kunnen manomi.

Na biyu, ya fara da tambaya. Ya ji abin da uwaye ke yi in yaro na zawo, kafin ya gyara musu. Kada ya kunyata kowa cikin taro, musamman tsohuwar ungozoma da ta daɗe tana karɓar haihuwa.

Na uku, ya nuna da hannunsa, don gani ya kori ji. In zai koyar da ruwan gishiri da sukari, ya kawo ƙunshin garin da litar 1 ta ruwa mai tsabta, ya dama a gaban kowa.

Na huɗu, mai koyo ya maimaita da kansa. Girgiza kai ba ganewa ba ce. Sai uwa ta auna dantsen ɗanta da igiyar awo mai launi 3, ta gane ja alamar tamowa ce mai tsanani, sannan darasi ya shiga.

Na biyar, darasi ɗaya a zama ɗaya. Bayan kwanaki ya koma ƙauyen ya ga abin da aka riƙe.

Ga misali. A 2013 aka fara raba wa yara maganin rigakafin masassarar damina a Nijar. Madawa da Buza suna cikin wuraren farko. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata cikin damina, kwana 3 a jere. Ranar farko yaro na sha a gaban ma'aikaci. Rana ta 2 da ta 3, uwa ce ke ba shi a gida. In ba a yi mata bayani sosai ba, sai ta ajiye sauran ko ta raba wa wani yaro. Kariyar ta ragu, masassara ta samu ƙofa.

Masu karatun manya suna da nasu aiki. Su rubuta ranakun shan magani, su tuna wa maƙwabta. Wanda bai gane ba ya yi tambaya, ba kunya. Mai tambaya ba ya ɓata.