In fim ɗin HD shina tsayawa cikin kwamfuta, mi za a duba kafin a kai ta gyara?

A watan Oktoba da ya wuce, lokacin roron wake, anka kawo mana wani fim a cibiyarmu ta yaƙi da jahilci nan Madarunfa. Fim ɗin shina koyar da yadda ake ajiye wake cikin buhu mai riɓi uku da ake ce ma PICS, ba tare da an zuba magani ba. Tun 2007 ake yaɗa buhun nan a ƙasarmu, kuma masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda sunka gwada shi.

Na yi gayya. Mata sunka zo bayan la'asar, wasu da goyo, wasu daga ƙauyukan bakin tafki. Na kunna kwamfutata ta gida, wadda muke ce ma ordinater. Murya tana tafiya, hoto ya ƙi. Mai bayani ya gama maganar buhu na uku, hannunshi bai bar na fari ba. Wata tsohuwa ta ce: "Malam, mutumen naka suma ya yi?" Aka yi dariya, aka watse. Da yawa ba su komo ba, kuma na san waɗanda ƙwari sunka ci ma wake a shekarar.

Kashegari na kai ta Maraɗi wurin wani mai gyara. Ya goge duk abin da ke ciki, ya amshi jika biyu, ban da kuɗin mota. Na komo gida, fim shina nan yadda yake. Sai ƙanena da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya zo hutu, ya zaunar da ni ya warware mani. Abin da na koya shi ne zan ba ku.

Fim hotuna ne da ke bin juna da sauri, kamar 25 ko 30 cikin daƙiƙa guda. Kowane hoto kuwa ɗigo-ɗigo ne ƙanana. A faifan VCD da muka sha kallon finafinan Kano da shi, ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. A DVD, 720 da 576. Wanda ake ce ma HD shina da 1280 da 720, babbanshi kuma 1920 da 1080. Wanga na ƙarshe ya wuce ɗigo miliyan biyu a hoto guda, wato DVD sau biyar. Jakin da ya saba ɗaukar buhu ɗaya ne anka aza ma biyar. Lafiyarshi lau, kayan ne sunka fi ƙarfinshi.

Akwai kuma ɗauri. Don fim ya shiga salula ko katin memori, sai an matse shi an ɗaure tam, kwamfuta kuma ita ke kwancewa lokacin kallo. Ɗaurin da anka fi sani sunanshi H.264, ya fito a 2003, kusan kowace kwamfuta ta iya shi. Sabon, H.265, ya fito a 2013. Shina rage wurin da fim ke ci kamar da rabi, amma kwance shi aiki ne babba. Kwamfutocin da anka ƙera kafin wajen 2015 yawanci ba su da ɓangaren da ke wannan aiki, sai ƙwaƙwalwarsu ta yi ta fama ita kaɗai har ta gaji. Mu kuwa nan ƙauye ta hannu muke saye, tsohuwa. Tawa ta girmi ɗaurin kanshi.

To, mi za ka fara yi? Kada ka taɓa komi tukuna. Ka sa fim ɗin cikin salular wani, sabuwa. In ya tsaya a wuri guda kullum, nan da can, fim ɗin ne ya lalace wajen turawa, sai a koma a sake ɗauko shi. Katin memori na jabu shina jawo haka sosai: an rubuta 64 a jikinshi, cikinshi bai kai ba. In kuwa ya tafi daidai cikin salula, matsalar tana wajen kwamfutarka. Ka kwafe shi daga kati ko kile zuwa cikinta, sannan ka kunna. Ka rufe duk sauran abubuwan da ka buɗe.

Sannan wuta. Wannan ya ba ni mamaki. In kwamfuta tana kan batir, da kanta take rage gudu don tanadi. Ka jona ta da wuta ko da batir na hasken rana, ka gani. Fim da yawa nan take warkewa.

Zafi da ƙura su ne manyan abokan gabarmu, don haka zan daɗe a kansu. Alamar a fili take: fim ya fara lafiya lau, bayan kwata guda ya soma ɗingishi, fankar ciki tana kuka kamar injin niƙa. In ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi, sai ta sassauta aiki don kada ta ƙone. A watan Afrilu da Mayu zafinmu shina wuce awo 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iska. Ni a kan tabarma nike aza tawa, wani lokaci kan katifa, ashe ƙofofin shan iskarta ƙarƙashi suke. Yanzu ƴan itace biyu nike sa mata ta ɗaga. In an gama aiki in rufe ta da zane. Ramukan iska kuwa, buroshin haƙori busasshe ya isa, bayan ka kashe ta ka cire waya. Buɗe cikinta ba aikinmu ba ne. In za ka ba mai gyara kuɗi, a kan share fanka ya kamata ka ba shi. Kuma kallon bayan magariba ya fi na tsakar rana, ga mutum da na'ura duka.

In murya tana fita amma allo baƙi ne, ko ta ce ba ta san fim ɗin ba, abin kunna fim ɗin za ka sauya. Akwai wani da ake ce ma VLC, alamarshi ƴar hula mai tsini, ruwan lemo da fari. Ɗalibai ne a birnin Paris na Faransa sunka fara shi, tun 2001 kyauta ake ba da shi, kada wani ya sayar maka. Masu tura finafinai a kasuwa suna da shi. In fim shina tafiya ciki, ka danna Ctrl da J tare, zai nuna maka irin ɗaurin da yawan ɗigo. Can na ga H.265 da 1080 a nawa. In hoton shina fashewa da kore-kore, cikin saitinshi akwai wurin da anka rubuta da Faransanci "Décodage matériel". In a kunne yake ka kashe, in a kashe yake ka kunna, ka sake gwadawa.

Duk na yi waɗannan, fim ɗina ya ɗan samu sauƙi amma bai warke ba. Abin da ya rage shi ne rage ma jaki kaya. Ƙanena ya sa shi cikin wani abu na kyauta mai suna HandBrake, ya maida shi H.264 mai ɗigo 720. Mun bar ta tana aiki tun isha'i, da safe munka iske ta gama. Na zura ido don in ga abin da ya ragu, ban gani ba. Ƙwaron wake shina nan a fili, igiyar ɗauri tana nan. Masu kallo ta intanet ma haka: ku rage shi zuwa 480 ko 360, ya daina tsayawa, kuɗin katinku kuma su daɗe.

Manyanmu suna ba da labarin telbijin na taro masu aiki da hasken rana da anka kafa a ƙauyuka bayan buɗe Télé Sahel a 1979. Hotonsu bai kama ƙafar na yau ba wajen tsabta, amma mutane sun koyi noma da tsabtar ruwa a gabansu. Don haka ina roƙon ma'aikatan gona da na lafiya, da ƙungiyoyin da ke aiko mana finafinai: ku riƙa aiko su kashi biyu, babba da ƙarami, ku kuma gwada ƙaramin cikin tsohuwar kwamfuta kafin ya baro birni. Malaman cibiyoyi na Gabi, Safo, Jirataawa da Ɗan Isa, ku kalli fim tun daga fari har ƙarshe kwana guda kafin ku tara mutane.

Fim ɗin buhun wake shina wurina yanzu, ƙarami, ya shiga kowace salula. Wanda ke so ya zo cibiya da katinshi. Bana za mu sake nuna shi kafin a fara roro, bayan magariba.