Gina unguwa da idon manomin citta

Duk wanda ya zauna a Kachia, Kwoi ko ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan bai manta da daminar 2023 ba. Ganyen citta ya yi ta komawa rawaya gona bayan gona, in aka tona sai a tarar da saiwa ta ruɓe tana wari. Da shekara ta zagayo, manoman da suka san aikinsu sun bar wa cutar ƙasarta. Suka canza fili, suka nemo iri daga inda annobar ba ta kai ba ko da tsada, suka ɗaga kunya, suka fitar wa ruwa hanya, domin citta ba ta shiri da ruwan da ya kwanta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan mutumin da ya san duk wannan a gona, in ambaliya ta ci masa ɗaki a gari, sai ya mayar da shi a kan tsohon harsashi, a bakin rafin nan dai, da bulon da aka ƙwange wa siminti. In ka yi magana ya ce, "Malam, a nan mahaifina ya gina." Gaskiya ne. Amma lokacin da mahaifin ya gina, bayan gidan fadama ce mai shanye ruwa, yanzu kuwa shaguna ne da daɓen siminti.

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raina. Tun da layin dogo ya haɗu a nan a 1927 mutane ke kwararowa, unguwanni irin su Bayan Loco da Takau da Aduwan suna faɗaɗa fiye da yadda magudanai ke bin su. Ga ruwan sama da ya fi na Kano nesa ba kusa ba, ga duwatsun Kagoro suna turo nasu zuwa kwari. A Agusta da Satumba ƙasa ta riga ta ƙoshi, ruwan dare guda ya isa.

Darasin da ya fi ciwo a gonar citta shi ne cutar ba ta san iyaka ba. Ka tsabtace gonarka yadda kake so, in ruwan gonar maƙwabci yana gangarowa cikinta, ka gama yawo. A unguwa ma haka. Mai hali ya ɗaga fandishonsa, ya zagaye gida da katanga, ya kwana da daɗi. Ruwan da ya kora kuwa ya faɗa ɗakin gwauruwar da ke ƙasa da shi. Shi ya sa nake ganin gyaran unguwa daga kwata yake farawa, kafin a ɗora bulo ko ɗaya. A fito a bi sawun ruwan tun laka ba ta bushe a jikin bango ba, a ga inda ya shigo, kwalbatin da leda da robar ruwa suka toshe, da katangar da ta tsaya masa a hanya. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, don katangar tana da mai ita, kuma sau da yawa shi ne mai faɗa a ji. Nan ne mai unguwa da liman da fasto ke da aikin da injiniya ba zai iya ba.

Hukumomin agaji irin su NEMA da ta jihar Kaduna sukan zo da shinkafa, katifa, wani lokaci bandir ɗin kwano. Ba a raina su, mai kwana a aji ya san darajar katifa. Sai dai kayan tallafi gida-gida ake raba su, magudana kuwa ba ta da suna a takardar rabo. Manyan kwalbatoci nauyin gwamnati ne; ƙananan kwatocin lungu dai sai gayya, irin wadda ake yi wa shuka da rufe kunya da ciyawa. Garin da ya ga ƙonewar kasuwarsa a rikicin 2011 ya san yadda zama ya rarrabu, amma rafi ɗaya ne ke ratsa unguwar masallaci da ta coci, kuma wanda ke sama ne ke zubar da sharar da ke toshe na ƙasa.

Sauran ba sabon ilimi ba ne: a ɗaga daɓe sama da inda ruwa ya yi zane, a sa dutse ko bulon siminti a ƙasan ginin ƙasa, a ɗaure rufi da ƙarfe saboda guguwar farkon damina, a bar gora da itatuwa a gaɓar rafi. Kuɗi kuma suna shigowa ne bayan an haƙe citta, daga Nuwamba zuwa sabuwar shekara. A lokacin ya kamata a buɗe adashin siminti da yashi, a yi haƙa a Janairu da Fabrairu ƙasa na bushe, tun kafin hankali ya koma gona.