Kada Ku Hana Yaro Ƙere-ƙere

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan yaran nan ne masu tara mana tarkace a ɗaka. Kowace uwa ta san irinsu. Su ne masu yin mota da kara ko gwangwanin madara, su ne kuma in sun ga tsohuwar rediyo sai sun kwance ta sun ga abin da ke ciki. Sau da yawa sakamakonsu tsawa ne ko bulala. To, ku saurari wannan labari tukuna.

A cikin shekarar 2007 wani ɗalibi mai karatun ilmin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, sunansa Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera jirgin sama mai saukar ungulu da hannunsa. Shekarunsa 24 a lokacin. Wata 8 ya yi yana aikin. Injin da ya sa na tsohuwar mota Honda Civic ne, mai ƙarfin doki 133, kujerun kuwa daga wata tsohuwar Toyota ya ciro su. Kuɗin kayan, da gyaran kwamfuta da wayar salula ya tara, mahaifinsa kuma ya taimaka masa. Jirgin ya tashi, ko da ya ke bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba.

Wata za ta ce, ƙafa 7 ai ko tsawon katanga bai kai ba. Gaskiya ne, amma ku dubi abin da ya wajaba ya sani kafin ƙarfe ya bar ƙasa. Babbar farfelar da ke bisa jirgin ita ce ke tura iska ƙasa da ƙarfi, iskar kuma ta ɗaga jirgin. Amma in inji ya juya farfela dama, gangar jirgin sai ta nemi juyawa hagu. Don haka ne ake sa wata ƙaramar farfela a wutsiya, ta riƙe shi kada ya yi ta katantanwa. A littafi wannan bayani layi kaɗan ne. Wanda ya ɗaura ƙusa da hannunsa ya ga yadda abin ke faruwa, shi ba ya mantawa har abada.

A makarantar horon malamai an koya mana cewa abin da yaro ya taɓa ya fi zama a kansa bisa abin da ya ji da kunne kawai. Wannan horo kuwa a gida ya ke farawa, wurin uwa. Saboda haka ki ware wa yaronki kwali ɗaya na ajiye tarkacensa. Tocilan da ta mutu, ko agogon da ya tsaya, ki ba shi ya buɗe. In ya gama ki tambaye shi abin da ya gani. Sai dai ki sa ido ƙwarai: wutar lantarki ta gida da batirin mota ba abin wasan yara ba ne, ƙananan batura sun ishe shi.

Kada kuma ki ce wannan na maza ne kaɗai. Yarinyar da ta iya sa zare a keken ɗinki, ta gane dalilin da ya sa ya cije, ta kama hanyar zama injiniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana su, ya sa su amfani ƙasa. Sai mako mai zuwa.