Auna ɗabi'ar Musulmi: Darasin da ke cikin tarihin Borno

An daɗe masu nazarin halayyar ɗan Adam a jami'o'i suna neman ma'aunin da zai nuna yadda koyarwar Musulunci take bayyana a rayuwar baligi ta yau da kullum: gaskiyarsa a ciniki, riƙon amanarsa, haƙurinsa da zamansa da maƙwabta. Masu bincike a Jami'ar Putra ta Malesiya sun tsara irin wannan takardar tambayoyi a shekarun 2000, haka ma Hisham Abu Raiya da Kenneth Pargament da abokan aikinsu suka wallafa tasu a Amurka a 2008. Tsarin kusan iri ɗaya ne: a jera wa mutum maganganu, ya faɗi gwargwadon yadda kowace ta dace da shi, daga ƙarshe a tara masa maki.

Duk wanda zai kawo irin wannan aiki Maiduguri, garin tsangayu da gwanayen Alƙur'ani, ya kamata ya san cewa ya tarar da tsohuwar muhawara. Fiye da shekara 200 ke nan Borno take fama da tambayar ko ana iya gane imanin mutane ta hanyar duban ayyukansu, kuma ta ɗanɗana abin da ke biyo baya idan aka amsa ta da gaggawa.

Wasiƙun El-Kanemi da Bello

A 1808 dakarun da ke ɗauke da tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Birnin Ngazargamu, hedkwatar daular Borno. Malamin da ya taimaka aka ƙwato birnin, Shehu Muhammadu El-Kanemi, ya rubuta wa jagororin jihadin yana neman hujjar yaƙar ƙasar da ta shafe ƙarnoni cikin Musulunci. Bai musanta cewa akwai cin hanci da zalunci a wajen shari'a da cin dukiyar marayu a Borno ba. Hujjarsa ita ce waɗannan saɓo ne da ake samu har a Masar da Sham, kuma saɓo ba ya fitar da mutum daga addini. Muhammadu Bello ya amsa cewa Borno ta goyi bayan sarakunan Hausa da ke yaƙar jama'arsu, kuma wasu al'adu na yanke-yanke sun wuce matsayin saɓo. Shi Bellon ne ya adana wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisur, wanda ya kammala a 1812.

Malaman biyu sun yi musayar hujjoji da alƙalami. Bayan ƙarni biyu, tambayar ta dawo Maiduguri da wata fuska. Ƙungiyar Muhammad Yusuf, wadda rikicinta ya ɓarke a Yulin 2009, ta kafa nata ma'aunin, ta ɗora ma'aikatan gwamnati da 'yan boko a kai, daga baya mabiyanta suka faɗaɗa hukuncin har ya haɗa da malamai da talakawa. A ranar 16 ga Maris, 2016, 'yan ƙunar baƙin wake suka kashe fiye da mutum 20 a masallacin Umarari da ke gefen birnin, lokacin sallar Asuba. Garin da ya ga wannan yana da dalilin ɗari-ɗari da duk baƙon da ya zo da takarda yana tambayar ƙarfin addinin mutane.

Raunin takardar tambayoyi

Ko babu tsoro, takardar tana da nata rauni: mutum ne ke ba da shaida a kan kansa. A 1993 wasu masana zamantakewa uku a Amurka, Hadaway da Marler da Chaves, suka kwatanta amsoshin jama'a da adadin mutanen da aka ƙirga a coci-coci, sai suka tarar masu zuwa ibada a zahiri kusan rabin masu cewa suna zuwa ne. Ba lallai ne masu amsar sun yi niyyar ƙarya ba. Ɗan Adam yakan faɗi mutumin da yake son ya zama. To ina ga wanda aka tambaya ko yana tauye mudu?

Akwai kuma matsalar harshe. A Maiduguri ana jin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa da Babur da Marghi, kuma kowane harshe yana da yadda yake yanka ma'anar kirki. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wajen Bahaushe a 1974, ya lissafa gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Tambayar da aka ƙera a Kuala Lumpur ba lallai ta kama kunya yadda ake nufinta a Gwange ko Shehuri ba. Kunyar ma kanta tana iya hana mutum yabon kansa, sai makin mai kirki ya yi ƙasa.

A duba aiki

Addinin kansa ya nuna wata hanya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙi karɓar shaidar wani a kan nagartar abokinsa, sai da ya tambaye shi ko sun yi maƙwabtaka, ko tafiya tare, ko huldar kuɗi. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi ga masu tauye awo, kuma a biranen Musulunci na da, duba mudu da sikeli yana cikin manyan ayyukan muhtasibi. Abin da ake iya gani ake aunawa, zuciya kuwa a bar wa Mai ita.

Binciken zamani ya bi wannan sawu. A 2019 mujallar Science ta wallafa gwajin da aka yi da walat sama da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40, inda ake miƙa wa ma'aikaci walat a ce tsintuwa ce. A kusan dukkan ƙasashen, an fi neman mai walat idan akwai kuɗi a ciki. Irin wannan gwaji ba ya buƙatar tambayar kowa aƙidarsa. A Maiduguri ana iya sayen mudun gero a wurare daban-daban a Kasuwar Monday a ɗora a sikeli, a gwada litar fetur, a bibiyi yawan bashin da ake biya a kan lokaci, a ƙirga kayan mantuwa da direbobin Keke Napep ke mayarwa.

Shekarun rikici ma sun bar shaida mai fuska biyu. Mafi yawan waɗanda suka gudo Maiduguri a gidajen dangi da na bayin Allah suka sauka, ba a sansanoni ba. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007, daga baya ta haɗa marayun ɓangarorin rikicin biyu a aji ɗaya, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Amma a Yunin wannan shekarar ce fadar shugaban ƙasa ta bayyana cewa a baya kusan rabin motocin abincin da ake tura wa Arewa maso Gabas ana karkatar da su. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, an sake ganin matasa suna ceto da mata suna dafa wa baƙi abinci. Maki ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan hoto duka ba.

Saboda haka, idan Jami'ar Maiduguri ko wata cibiya za ta shiga wannan fage, sharuɗɗa uku ne za su tsare aikin: a auna mu'amala, a ɓoye sunayen mutane, a kuma fitar da sakamako da sunan al'umma baki ɗaya ba tare da jera ƙabilu ko ɗariƙu ko ƙungiyoyi a sikeli ba. Limamin Juma'a da ya san yawan mudun da ba ya cika a kasuwar unguwarsa ya samu abin huɗuba, shugabannin 'yan kasuwa sun samu abin gyara, mai sayen gero kuma ya koma gida da cikakken awo.